Qantas 72: Ranar da Kwamfutar Jirgi Ta Ƙi Bin Umarnin Matuƙi

Ranar 7 ga Oktoba, 2008, jirgin Airbus A330 na kamfanin Qantas ya tashi daga Singafo zuwa birnin Perth na ƙasar Ostireliya da mutum 315 a ciki. Yana tafiya a tsayin ƙafa 37,000, sararin sama garau, sai na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ta kashe kanta. Ƙararrawa ta cika ɗakin matuƙa. Wata na cewa gudu ya yi yawa, wata na cewa gudu ya yi kaɗan har jirgin zai iya faɗowa, alhali abubuwan biyu ba sa yiwuwa a lokaci guda.

Kyaftin Kevin Sullivan, tsohon matuƙin jirgin yaƙi a rundunar sojan ruwan Amurka, ya karɓi tuƙin da hannunsa. Bayan 'yan mintuna sai jirgin ya sunkuyar da hanci ƙasa babu wanda ya umarce shi. Sullivan ya ja sandar tuƙi baya, amma kusan sakan 2 jirgin bai amsa ba. Kusan duk wanda bai ɗaura bel ba ya tashi sama ya bugi rufi. Jirgin ya gangaro ƙafa 690 kafin a daidaita shi, kuma ba a cika minti 3 ba ya sake sunkuyawa, wannan karon ƙafa 400. Mutum 119 suka ji rauni, 12 daga cikinsu munana.

Matsalar ta faro ne daga wani akwati da ake kira ADIRU. Cikin wayar hannu akwai ƙananan na'urori masu gane motsi da juyi, su ne ke juya allo idan an kwantar da waya. ADIRU babban yayansu ne: shi ke gaya wa kwamfutocin jirgi inda yake, tsayinsa, gudunsa, da kusurwar da iska ke dukan fiffikensa. Guda uku ake sakawa a A330 don idan ɗaya ya yi ƙarya sauran biyun su tona shi. A ranar, na farkon ya riƙa ɗaukar lambar tsayi yana liƙa mata sunan kusurwa, yana aikawa jefi-jefi. Sai kwamfuta ta karanta digiri 50.6, alhali a tafiya ta yau da kullum kusurwar ba ta wuce 'yan digiri ƙalilan.

To me ya hana sauran biyun tona shi? A nan ne duk mai rubuta manhaja zai gyara zama. Injiniyoyin Airbus sun san na'ura kan yi tsalle ta ba da lambar banza. Don haka suka tsara cewa idan haka ta faru, kwamfuta ta riƙe lambar ƙarshe mai kyau na tsawon sakan 1.2, sannan ta koma karɓar sabuwa. Idan kuwa kuskuren ya ɗore fiye da sakan ɗaya, a yi watsi da na'urar baki ɗaya. Dabara ce mai kyau, sai dai akwai ɗan rami a cikinta. Idan lambar banza ta zo ta wuce da sauri, wata kuma ta iso daidai lokacin da sakan 1.2 ɗin ke cika, kwamfuta za ta karɓi ta biyun a matsayin gaskiya. Haka kuwa aka yi. Kwamfutar ta ɗauka hancin jirgin ya miƙe sama fiye da kima, ta danna shi ƙasa don ta cece shi daga hatsarin da babu shi. Jiragen A330 da A340 sun yi sa'o'i sama da miliyan 28 a sama kafin wannan ramin ya kama wani.

Mutane da yawa suna zaton da zarar an kashe tuƙin kwamfuta, matuƙi ne ke da iko. A irin wannan jirgi ba haka ba ne. Sandar tuƙi saƙo kawai take aikawa, kwamfuta ce ke motsa fukafukai da jela, kuma an ba ta damar ƙin umarni idan ta ga hatsari. Shi ya sa hannun Sullivan bai yi tasiri ba a waɗancan sakan biyun.

Abin da ya rage wa matuƙan shi ne su tantance wace na'ura za su yarda da ita. Saƙonnin kuskure na ta kwarara a allo, babu wanda ya fito fili ya ce ga mai laifin. Sullivan ya daina dogara da allon gabansa, ya koma kan ƙananan ma'aunai na ko-ta-kwana da kuma allon abokin aikinsa. Ya ƙi ci gaba zuwa Perth, ya aika kiran gaggawa, ya nufi filin jirgin Learmonth da ke kusa. Sun sauka lafiya kimanin minti 50 bayan sunkuyawar farko, kuma babu wanda ya rasa ransa.

An yi ta raɗe-raɗin cewa wayoyi ko kwamfutocin fasinjoji ne suka rikita na'urar. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Ostireliya ta gwada wannan zato, kuma a rahotonta na Disambar 2011 ta ce da wuya ya zama shi ne dalili. Ta kuma gano cewa aƙalla fasinjoji 60 suna zaune ne ba tare da bel ba, kuma raunin da suka ji ya fi na waɗanda suka ɗaura yawa da tsanani.

Airbus ya fara da fitar da sabuwar ƙa'ida ga matuƙa, wadda ke cewa a kashe ADIRU ɗin da ya nuna alamar lalacewa nan take, daga baya kuma ya gyara manhajar. Ranar 27 ga Disamba, 2008, wani A330 na Qantas da ya tashi daga Perth zuwa Singafo ya gamu da irin wannan matsala. Matuƙansa suka bi sabuwar ƙa'idar, suka juya suka sauka a Perth, hancin jirgin bai sunkuya ba.