Salanga Haƙƙin Maƙwabci Ce

Ya ku ƴan uwa, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum miliyan 419 ke bahaya a fili a shekarar 2022. A nan Nijar kuwa, fiye da rabin jama'a. Idan damina ta sauka, ruwa kan kwashe ƙazantar zuwa rijiya, ƙuda kuma ya kai ta akushin yara. Ta haka kwalara ke shiga gari, kamar yadda ta auka wa jihar Maraɗi a 2018. Manzon Allah (SAW) ya hana bahaya a hanya, da inuwa, da mashaya. To, kowane magidanci ya gina salanga nesa da rijiya, ya rufe bakinta, ya tanadi sabulu. Allah Ya tsare mu.