Yadda wayarka za ta nuna maka silindar da ke yin misin

Idan mota tana karkarwa a tsaye, ba ta ja, kuma tana shan mai fiye da ƙima, makanikai kan ce tana misin, wato wata silinda ba ta ƙona fetur daidai. Sau da yawa a canza fulogi duka, kuɗi su tafi, matsalar tana nan. Wayarka za ta iya rage wannan asara.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, sunansa OBD-II. Ka jona 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka murɗa makulli, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner.

P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa misin ne da bai tsaya a silinda guda ba.

Amma lambar ba ta faɗin abin da ya lalace. A motar da kowane fulogi ke da nasa koyil, kashe inji, musanya koyil na biyu da na uku, goge lambar, ka ɗan zagaya. Idan P0302 ta koma P0303, koyil ne. Idan ba ta motsa ba, yi wa fulogi haka. In har yanzu tana nan, makanike ya duba nozul da ƙarfin matsin silindar.

Idan fitilar inji a dashbod tana ƙyaftawa, ka faka. Ɗanyen fetur na shiga salansa, zai iya ƙona matatar hayaƙi, wadda ta fi fulogi tsada nesa ba kusa ba.