Zakara ne ko Sagara? Yadda Ake Tantance 'Yan Tsaki a Gida

Da wuya a shiga gida a Kanvili ko sauran unguwannin Tamale ba a ga akurki a wani lungu ba. Kaza ita ce asusun uwargida: da ita ake karɓar baƙo, da kuɗinta ake sayen littafin yaro. Saboda haka sanin jinsin ɗan tsako tun da wuri ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda ya sayi 'yan tsaki ashirin da niyyar samun ƙwai, ya yi ta ɗura musu masara da dusa har wata biyar, sa'an nan ya wayi gari ya ji suna cara, to, ya yi asarar hatsinsa da lokacinsa gaba ɗaya.

Tun daga ƙwai

Mu fara da kawar da wasu zantuka da suka daɗe suna yawo. Akan ce ƙwai mai tsini zakara ne, kewayayye kuma kaza. Akan kuma riƙe ɗan tsako ta ƙafa a juya kansa ƙasa, wai namiji zai yi ta fizga, mace kuwa ta yi lamo. Duk wannan ba abin dogaro ba ne. Dalilin da ya sa ake ganin kamar yana ci shi ne, ƙyanƙyasa takan zo kusan rabi maza rabi mata, don haka mai canki ma zai dace sau ɗaya cikin biyu. Masana halittu sun tabbatar cewa a wajen tsuntsaye ƙwayar halittar uwa ce ke yanke jinsin ɗa, ba ta zakara ba, kuma an riga an gama wannan tun kafin kaza ta fara kwancinta na kwana 21.

Dabarun manyan gonaki

Hanyar da ta fi shahara ita ce duba mafitar kashin ɗan tsako a ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Wasu masana na ƙasar Japan, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto, su ne suka bayyana ta, littafinsu kuma ya fito da Turanci a 1933. Ƙwararre yakan tantance kimanin tsako dubu a cikin awa ɗaya, amma sai bayan horo mai tsawo. Muna jan kunnen iyaye da yara kada su gwada wannan a gida, domin matsa cikin ɗan tsako da hannun da bai saba ba yana iya hallaka shi.

Hanya ta biyu ita ce ta gashin fiffike: a kwanakin farko, gashin bakin fiffiken mace yakan zo dogo da gajere a jere, na namiji kuwa tsawonsu ɗaya. Hanya ta uku ta launi ce. A irin kajin ƙwai na ISA Brown da Lohmann Brown, mace takan fito ja-ja-ja, namiji kuma fari mai ruwan ɗorawa. Sai dai waɗannan alamu biyu suna aiki ne kawai ga kajin da aka haɗa iyayensu da gangan don wannan manufa. Ba sa aiki ga kajinmu na gida, ba kuma sa aiki ga 'ya'yan da waɗannan kajin gona za su haifa a tsakar gidanmu.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Mazan irin kajin ƙwai ba su da daraja a wurin masu ƙyanƙyasa, tun da ba sa ƙwai, ba sa kuma yin nama da sauri. A Turai an daɗe ana kashe su ranar da suka fito, har Jamus ta hana haka daga 2022, Faransa ta bi sahu daga 2023. A ƙasashenmu kuwa sayar da su ake yi da araha. Sayensu ba laifi ba ne ga wanda ya san abin da ya saya, domin in an yi haƙuri da su sukan zama zakarun yanka a lokacin Salla. Laifin shi ne a sayar wa mutum da su da sunan masu ƙwai. Duk wanda aka yi wa tayin 'yan tsakin ƙwai a kan farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, ya tuna araha ba ta ado, ya tambayi sunan irin da gonar da suka fito.

Kajin gida: sai da haƙuri

Ga kazar gida, ido da haƙuri su ne kayan aiki. Daga mako 4 zuwa 6, zankon namiji da naman nan da ke rataye a ƙarƙashin bakinsa sukan fara girma su yi ja, na mace kuwa su zauna ƙanana, kodaɗɗu. Ƙafafun namiji sun fi kauri, tsayuwarsa ta fi miƙewa, ga yawan tsokanar 'yan uwansa. Wajen wata 3 sai alama mafi ƙarfi ta bayyana: gashin wuyansa da na gadon bayansa kusa da wutsiya su zama sirara masu tsini da sheƙi, na sagara kuwa bakinsu a kewaye yake. Cara takan biyo baya a wata na 4 ko na 5. A kwatanta 'yan tsakin da suka fito rana ɗaya, kada kuma a yanke hukunci da alama guda. Wanda aka tabbatar, a ɗaura masa zare mai launi a ƙafa, sako-sako, a riƙa sassautawa yayin da yake girma.

Zabi sun fi wuya

Arewacin Ghana ƙasar zabi ce, kuma da damina gidaje da yawa sukan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28. Su kam 'yan tsakin zabi, namiji da mace kamar an tsaga kara suke, har masu bincike kan kiwon zabi a wannan yanki suna lissafa wahalar tantance su a cikin manyan matsalolin makiyaya. Abin da ya fi tabbas shi ne kuka, wanda yakan fara bambanta wajen wata 2. Zabuwa tana da kuka mai gaɓa biyu da take ta maimaitawa. Zabo ba ya iya yin sa, nasa gaɓa ɗaya ce. In ta firgita takan yi irin nasa, don haka mai gaɓa biyu lallai mace ce, mai gaɓa ɗaya kuwa sai an ƙara saurarawa. Bayan wata 3 zuwa 4, ƙahon kan zabo da naman gefen bakinsa sukan fi na zabuwa girma. Mai gaggawar kai zabi kasuwar Aboabo kafin wannan lokaci yana iya sayar da matan, damina ta zo ta same shi da garken maza, babu ƙwai ko ɗaya.

Bayan an tantance

Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In suka yi yawa sai faɗa, da tsige gashin bayan kaji, da cin hatsin da ya kamata ya koma ƙwai. A zaɓi mafi lafiya da girma a bari, a ware sauran a ciyar da su don yanka ko sayarwa. Yana da kyau a riƙa musanyar zakara da wani gida lokaci lokaci, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya raunana. Mai neman ƙarin haske kuwa ya tuntuɓi malaman gona na gundumarsa. Ga kuma sashen aikin gona na jami'ar UDS a Nyankpala, da cibiyar likitancin dabbobi ta Pong-Tamale, duk ba su da nisa da mu.

Muna kira ga iyaye su riƙa jawo yara cikin wannan lura, su ba kowane yaro tsakonsa ya bi shi mako mako har ya faɗi jinsinsa da hujja. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke kiwo. Wassalam.