Yadda Ake Auna Tsoron Haihuwa A Ƙasar Girka

Idan mace mai ciki ta je awo, ana auna nauyinta da jininta, a saurari bugun zuciyar jariri. To, shin ana iya auna tsoron da ke cikin zuciyarta? Masana lafiya sun ce ana iyawa, kuma ma'aunin ba wani ƙarfe ba ne, takarda ce mai tambayoyi.

Girka ƙasa ce a kudancin Turai, babban birninta Atina. Fiye da rabin jariran da ake haifa a can ta hanyar tiyata ake ciro su, wanda ya sa take cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan wannan aiki a Turai. Dalilan suna da yawa, har da na likitoci da asibitocin kuɗi. Amma ɗaya daga ciki shi ne mace ta ji tsoron naƙuda har ta roƙi a yi mata aiki.

A shekarar 2015 wasu malaman ungozomanci na Atina suka fito da fassarar wata takardar tambayoyi cikin Girkanci. Asalinta daga Amurka take, tambayoyi 16 ne. Ana tambayar mace, misali, ko tana tsoron zubar jini mai yawa, ko tsagewa, ko a bar ta ita kaɗai a ɗakin haihuwa, ko wani abu ya sami jaririn. Kowace tambaya za ta ba ta maki daga 1 zuwa 4. In an haɗa, ƙarshen ƙasa 16, ƙarshen sama 64.

Akwai kuma wata da ta fi wannan suna a duniya, wadda Klaas Wijma da abokan aikinsa suka fitar a ƙasar Suwidin a 1998. Ita tambayoyi 33 gare ta, maki daga 0 zuwa 165. Wadda ta kai 85 ana ɗaukar tsoronta ya yi tsanani. Ita ma an mayar da ita Girkanci.

Fassarar ba aikin rana ɗaya ba ce. Wani zai juya takardar zuwa Girkanci, wani daban wanda bai ga ta asali ba ya sake mayar da ita Turanci, sannan a gwama a ga inda ma'ana ta kauce. Bayan haka a gwada ta a kan mata masu ciki. Kalma ɗaya in ta karkace, sai ma'aunin ya yi ƙarya, kamar mudun da aka bubbuge gindinsa.

Tsoro kaɗan ba laifi ba ne, musamman ga mai cikin fari. Mai tsanani shi ne abin dubawa. Wani bincike na 2017 da ya tattara rahotannin ƙasashe da dama ya nuna kusan mata 14 cikin 100 masu ciki suna fama da shi. A Norwe kuma, a 2012, an gano naƙudar irin waɗannan mata takan fi daɗewa.

Amfanin takardar shi ne, mace da yawa ba za ta buɗi baki ta ce tana tsoro ba, amma za ta iya sa alama a takarda. A Suwidin, wadda aka gano tsoronta ya yi yawa ana haɗa ta da ungozoma ta musamman, su zauna su tattauna, a zaga da ita ɗakin haihuwa, a tsara yadda za a rage mata zafi tun kafin ranar ta zo.