Takardar AA ta Kuɗi Ba Ta Hana Jini Maƙalewa

Cikin hunturun nan na je dubiya gidan wata 'yar'uwa a Boɗinga. Ɗanta, bai cika shekara ba, yana kwance bisa tabarma, bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko zani ya goge shi sai ya tsala ihu. Kakarsa ta ce sanyi ne, har wanzami ya zo ya yi masa tsaga. Da kuka ya ƙi ƙarewa aka kai shi asibiti Sakkwato, sai ga sikila. Nan uban ya sunkuyar da kai. Ashe takardar da ya miƙa wa surukai kafin ɗaurin aure, ko allura ba a soka masa ba. Kuɗi ya ba wani, aka rubuto masa AA.

Da ya ga abin da masu bincike ke gani, da hannunsa ya yi rawa. A Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, ɗakin binciken Umut Gurkan ya ƙera wata 'yar na'ura mai siraran magudanai kamar silin gashi, an shafe cikinsu da irin sinadaran bangon jijiya. A tura ɗigon jini, a leƙa ta madubin ƙara girma. Lafiyayyar jar ƙwaya ta wuce sumul. Ta mai sikila kuwa ta lanƙwashe kamar lauje, ta manne, ta tare wa na baya hanya. Wannan cunkoson shi ne kumburin yaron nan. Daga wannan ɗakin binciken kuma aka fito da wata na'urar gwajin jini, HemeChip, aka gwada ta a Kano. Yanzu sunanta Gazelle, cikin minti 8 ta faɗi ko jinin mutum AA ne, AS ko SS.

Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, amma doka me za ta yi da mai sayen takarda? In AS ya auri AS, kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne ya zo da SS. Kowane ciki na ce, ba wai an haifi ɗaya a huta ba.

Waliyyai, ku daina karɓar takarda a zaure kamar goron gayyata. Daga Shagari ko Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba wata tafiya ba ce. Ku raka saurayi da yarinya da ƙafarku, a ɗebi jinin kuna kallo, ku amshi sakamakon da hannunku, tun ba a fara haɗa lefe ba.