Tukunyar Gida ko Kwanon Mai Abinci: Wanne Ya Fi Sauƙi Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Kuɗin mota ya hau, kayan abinci suka bi sawu, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A cikin wannan matsi ne aka fara jin magidanta na cewa da a hura wuta gara a aiki yaro da kwano ya sayo garau-garau, tunda gas ya yi tsada, gawayi ya yi tsada, kayan miya kuwa sai dai a ƙulla maka ɗan mitsitsi a leda. Mai wannan magana bai cancanci a raina masa hankali ba, domin abin da aljihunsa ya gani yake faɗa. Sai dai in aka zauna aka yi lissafi tsakani da Allah, duk gidan da ke da bakuna uku zuwa sama, tukunyarsa ta fi masa araha nesa ba kusa ba, kuma inda ake ganin kamar saye ya fi sauƙi, yawanci matsalar tana wurin yadda ake cefanen da yadda ake sarrafa wutar.

A fara da abin da ke cikin kuɗin faranti ɗaya. Mai abinci a kasuwar da muke zuwa take sayen shinkafa da wake da mai. A kan wannan za ta ɗora kuɗin itace, kuɗin rumfa, ruwan da ɗan garuwa ya kawo, ladan yaran da ke wanke-wanke, sannan ribar da za ta ciyar da nata gidan. Duk mai saye ne ke biya, kuma haƙƙinta ne. Mu ɗauka an yi sa'a ana samun farantin da zai riƙe ciki a naira 500. Gida mai mutum bakwai, wanda ba a kiransa babban gida a ƙasar Hausa, zai kashe 3,500 a ci ɗaya, wato 105,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wannan fa abincin rana ne kaɗai, ba a yi zancen karin kumallo da tuwon dare ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kuɗin saye a tsintsinke suke fita, ɗari biyar nan, dubu can, ba a jin zafinsu, shi kuwa kwanon shinkafa ko cika tukunyar gas lokaci guda yake zarar kuɗi, sai a ga kamar shi ne mai cinye albashi. Kuma ba ƙaramar dukiya ke bin wannan hanya ba: binciken hukumar ƙididdigar na 2019 ya nuna abinci ke cinye fiye da rabin abin da iyalan Najeriya ke kashewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin abincin a waje ake cin sa.

Sirrin lissafin duka yana wurin wuta. Gawayin da zai dafa gwangwani biyu na wake kusan shi ne zai dafa rabin kwano, albasar da aka yanka wa mutum biyu ita za ta ƙamsasa miyar mutum biyar. Kuɗin wuta da na kayan ƙanshi ba sa ninkuwa da yawan masu ci, don haka kowane bakin da ya ƙaru, kuɗin farantinsa raguwa yake yi. Wannan dalilin ne kuma ya sa dole a amsa cewa akwai waɗanda saye ya fi musu. Gwauron da ke ɗaki ɗaya ba firji, ɗalibi, leburan da ya fito tun asuba, ɗan adaidaita sahun da sa'a guda a gaban murhu ke nufin asarar fasinjoji, in ɗayansu ya hura wuta don cikinsa kaɗai, shi zai ɗauki kuɗinta baki ɗaya, ragowar abincin kuma zafi ya lalata kafin dare. Mai ɗanwake da mai awara da mai ƙosai da koko su ne tukunyar haɗin gwiwa ta irin waɗannan mutane, kuma babu asara a ciki.

Odar abinci ta waya kuwa wani abu ne daban, bai kamata a haɗa ta da kwanon mai garau-garau ba. Wanda ya ga hoton shinkafa da kaza a WhatsApp ko Instagram ya tura kuɗi, bayan abincin zai biya robar da aka zuba, da kuɗin mai babur, wanda ya tashi tare da fetur, in ta manhaja ce kuma da kason kamfani. Sau tari kuɗin kawowa kaɗai ya isa cefanen miyar kuka ta gida guda. Sana'ar ma ba ta yi wa masu ita daɗi ba, domin a ƙarshen 2023 Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe harkar kai abinci a Najeriya. Oda marmari ce, ba laifi a yi ta ran da aka samu sarari, amma mai ƙirga kwanakin albashi kada ya sa ta cikin dabarun tattali.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta wanda sai ya fita ya samo za a ci. Zai ce arahar girki ta mai iya sayen buhu ce, shi kuwa mai awo kullum da ƙullin mai da ƙullin gishiri, a farashi mafi tsada yake saye. Wannan gaskiya ce mai ciwo, talaka ya fi mai kuɗi biyan tsada a kan kwano ɗaya na masara. Amma komawa ga saye ba ya warkar da ita, ƙara zurfafa ta yake yi. Maganinta yana cikin abin da muka gada muka yi sakaci da shi. Gidaje huɗu ko biyar su yi karo-karo su sayi buhu a Dawanau ko kasuwar ƙauye lokacin kaka, kafin hatsi ya shige rumbun 'yan kasuwa, su raba da kwano. Lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa har yana ruɓewa a kwando, a yanka a shanya, a ajiye wa watannin da zai yi wuya. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ba sa neman firji, ba ruwansu da ɗauke wuta. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin gawayi kamar busasshe, tukunyar da aka rufe ruf ta fi buɗaɗɗiya saurin nuna, garwashin da aka kashe bayan an sauke gobe ma zai yi aiki. Tuwon da aka tuƙa da ɗan yawa da dare shi ne ɗumamen safe, wuta ɗaya ta ba da ci biyu, kuma yaron da ya tafi makaranta da ɗumame a cikinsa ba ya neman kuɗin tara kamar wanda aka sallama da ruwan shayi.

Akwai kuma abin da maza ke yawan mantawa in suna lissafi, wato wahalar mai girkin. Arahar tukunyar gida a kan bayan mace take tsaye, ita ke shan hayaƙi, ita ke jiran wake ya nuna, wata kuma malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti da ke dawowa a gajiye. Duk magidancin da ke son ribar girki, wajibi ne ya ɗauki rabonsa na nauyin: ya kawo cefane da wuri, ya sa samarin gidan kai niƙa da ɗebo ruwa da wanke tukwane, ya ware wani abu daga rarar da aka samu don murhun da ba ya cika ɗaki da hayaƙi. Ranar da ta gaji ko ba ta da lafiya, a sayo abinci ba tare da gori ba.

Mai karatu da ke shakka, ya samu takarda ya rubuta duk abin da gidansa ya kashe a sayen dafaffen abinci na mako ɗaya, har da awarar yara da taliyar mai shayi. Mako na gaba ya rubuta na cefane da gawayi, ya raba kowanne da yawan bakunan da suka ci. In gidan ya kai mutum uku, ya ɗauki bambancin ya kai wa maƙwabta a fara haɗa kuɗin buhun masara kafin kakar bana ta wuce.