Tallafin Gwamnati Kan Kare Ƙasar Noma Da Noman Makamashi: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Gabatarwa

Zaizayar ruwa da iska, da sare itatuwa domin girki, da noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu ba taki, duk suna gajiyar da ƙasa. Gyaran irin wannan gona yana cin kuɗi da ƙarfi a bana, amfaninsa kuwa sai bayan shekara uku ko biyar ake ganinsa. Wannan tazara ce ta sa gwamnatoci suke ba da tallafi, domin magidancin da ke neman abin da zai cika rumbu ba zai iya ɗaukar nauyin jiran shi kaɗai ba. Sai dai tallafi iri-iri ne, kuma ba kowanne ne yake isowa gonarka ba. Ya kamata ka san bambancinsu kafin ka sa hannu a takarda.

Tallafin kare ƙasa

A Amurka, tun daga shekarar 1985, gwamnati tana biyan manomi kuɗin haya duk shekara idan ya yarda ya daina noma filin da zaizaya ke ci, ya shuka masa ciyawa ko itatuwa na tsawon shekara 10 zuwa 15. Tana kuma biyan har rabin kuɗin shukar. Irin wannan biyan haya bai zama tsari a ƙasarmu ba. Abin da aka fi samu a nan shi ne dashe, da horo, da rance, da ayyukan da al'umma ke amfana da su baki ɗaya.

A 2015 aka kafa hukumar tarayya mai kula da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda ke aiki a jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, daga Kebbi da Sakkwato har zuwa Borno da Adamawa. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 1 ta ƙasar da ta lalace. A cikin shirin akwai asusun rance mai juyawa da ake bai wa ƙungiyoyin manoma. A lura da kyau: rance ne, ba kyauta ba. Idan ƙungiyarku ta ƙi biya, na bayanku ne za su rasa.

Darasi daga Maraɗi da Damagaram

Akwai tallafin da ba kuɗi ba ne, amma ya fi kuɗi tasiri. A da, a Jamhuriyar Nijar, itacen da ke cikin gona ana ɗaukarsa mallakar hukuma, kuma malaman daji suna iya cin manomi tara idan ya sare reshe. Saboda haka manomi yakan tumɓuke duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami, don gudun rigima. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara koya wa manoman Maraɗi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da aka sassauta wa manoma, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, har suka ga cewa itacen da suka rena nasu ne, sai aikin ya bazu. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Gawo ne ya fi yawa a wurare da dama. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Wannan aiki ba ya buƙatar sayen dashe ko ban ruwa, kuma kana iya fara shi a sharar gona mai zuwa. Ga malamin gona kuma: duk inda za a raba dashe, a fara tantance a rubuce, a gaban mai unguwa ko dagaci, wane ne zai mallaki itacen idan ya girma, musamman a gonar aro ko ta jingina.

Noman makamashi

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa kan man da ake samu daga amfanin gona. Burinta shi ne a gauraya fetur da kashi 10 cikin 100 na etanol daga rogo da rake, a kuma samar da madadin man dizal daga irin su bini-da-zugu da kwakwar manja. An yi alkawarin yafe haraji na shekara 10 da kuɗin fito na injuna. Amma wannan rangwame na masu kafa masana'anta ne. Rabon manomi shi ne kasuwa, ita kuwa kasuwa ba ta samuwa sai masana'antar ta tashi tana aiki. Har yau wannan gauraye bai zama abin da ake sayarwa a gidajen manmu ba. A Burazil, wadda ta fara nata shirin da rake a 1975, dokar gauraya tana aiki, har etanol ya haura kashi 25 cikin 100 na fetur ɗinsu, shi ya sa mai rake yake da tabbacin mai saye.

Don haka, idan aka zo maka da tayin noman makamashi, ka yi wa kanka lissafi. Tan ɗaya na ɗanyen rogo yana ba da kimanin lita 150 ta etanol, ke nan masana'anta tana buƙatar rogo mai yawa a farashi mai sauƙi. Rogo kuma yana fara lalacewa kwana biyu zuwa uku bayan an tone shi. Idan motar kamfani ba ta zo ba, asarar taka ce. Amma ko ba komai, rogo ana yin gari da shi, rake da takanɗa ana shan su. Bini-da-zugu ne mai haɗari. Yana ɗaukar shekaru kafin ya yi 'ya'ya sosai, a busasshiyar ƙasa ba ya ba da abin kirki duk da yabon da aka riƙa yi masa, kuma 'ya'yansa da tunkuzarsa guba ne ga mutum da dabba. Idan mai saye ya janye, babu inda za ka kai shi. Mu a ganinmu, wurinsa shi ne shingen gona, inda kakanninmu suka ajiye shi.

Kafin ka karɓi tayi, je ka ga masana'antar da idonka. Nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi farashi, da ranar ɗauka, da wanda zai biya kuɗin mota, kuma ku shiga a ƙungiyance. Kada filin da za ka ware ya taɓa gonar da ke ciyar da iyalinka. Domin sanin shirin da ke aiki a ƙaramar hukumarku da ƙa'idojin shigarsa, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai ko ofishin hukumar raya aikin gona ta jiharku.